Idan Kuɗin Wuta Ya Zo Fiye Da Yadda Aka Zata: Me Ya Hau, Kuma Ina Za A Dosa?

Magidanta da yawa a Zariya, daga Tudun Wada zuwa Samaru, sun san irin faɗuwar gaban da ke zuwa idan ma'aikacin kamfanin wuta ya miƙo takardar wata aka ga kuɗin ya ninka abin da aka saba biya, ko kuma mai mita ya sa katin dubu goma wanda a da yake kai shi ƙarshen wata, amma yanzu kafin mako biyu mita ta fara kuka. Abin da aka fi yi a irin wannan hali bai wuce biyu ba: ko dai mutum ya cije ya biya yana Allah-ya-isa, ko kuma ya jefar da takardar ya ce su zo su yanke. Duka biyun mai gida ne ke kwana a ciki, domin na farko wataƙila ya biya abin da bai sha ba, na biyu kuma ya bar bashi yana taruwa da sunansa har ranar da za a ɗora masa shi gaba ɗaya.

Kafin a yi fushi ko a zaro kuɗi, ya kamata a gane cewa jimillar da ke ƙasan takardar nan ba abu ɗaya ba ce. Ta haɗa farashin yunit guda na wuta, da yawan yunit ɗin da kamfani ya ce gidan ya sha a watan, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai, sannan bashin baya idan akwai. Duk lokacin da kuɗi ya yi tsalle, to ɗaya daga cikin waɗannan ne ya motsa, kuma kowanne da maganinsa. Wanda ya tafi ofis yana faɗa a kan jimilla kawai, bai san ɓangaren da ya hau ba, yawanci da ban haƙuri da alkawarin za a duba yake dawowa. Don haka aikin farko shi ne a ɗauko takardar wannan wata a jera ta da ta watanni biyu ko uku da suka wuce, a bi su layi-layi. Mai mita mai kati kuma ya duba rasidin sayen wuta ko saƙon da ya shigo masa ta waya, domin a nan ake nuna nawa ya biya, nawa aka cire, da yunit nawa aka ba shi.

A fara da farashi, tunda shi ne ya fi girgiza mutane a shekarun nan. Tun daga 2020 hukumar NERC, wadda ke sa ido a kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: rukunin A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 hukumar ta ɗaga farashin yunit na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, saboda gwamnati ta janye tallafinta daga wannan rukuni ta bar shi a kan sauran. A watan Mayu an sauko da shi zuwa naira 206.80, a Yuli kuma ya koma naira 209.50. Idan aka haɗa da haraji, yunit guda yana kamawa wajen naira 225. Ma'anar wannan a aljihun mai gida ita ce, naira 10,000 da take sayen yunit fiye da 130 a farkon 2024 ta koma tana sayen 44 kacal. Mutum bai ƙara ko ƙwan lantarki ɗaya a gidansa ba, amma kuɗin wutarsa ya ninka sau uku.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba a duba arzikin gida kafin a sa shi a rukuni. Layin da ya kawo wuta unguwa ake dubawa. Idan babban layin da ke ciyar da taransifomarku yana rukunin A, to mai gidan sama da mai ɗaki ciki da falo farashi ɗaya za su biya, kuma ana iya ɗauke layi daga rukunin B a mayar da shi A, mazauna unguwar ba su ankara ba sai a wajen sayen kati. Mutanen Zariya sun ga nauyin wannan farashi a kan babbar cibiya ma, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta fito fili ta koka cewa kuɗin wutarta na wata ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. To amma farashin rukunin A yana tafe da sharaɗi. Umarnin hukumar na 2024 ya ce idan kamfani ya kasa ba layin rukunin A awanninsa kwana biyu a jere, dole ya fito ya yi bayanin dalili, idan kuma gazawar ta kai kwana bakwai a jere, sai a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu a zahiri. Wannan sharaɗi ba ya aiki da kansa sai an sami masu riƙe shi. Unguwar da ake karɓar mata kuɗin awa 20 alhali tana ganin awa 12, abin da ya fi mata amfani shi ne mutum biyu ko uku su riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka kawo, kullum, na tsawon wata guda. Ƙorafin da ya zo da irin wannan littafi ba a iya kore shi da fatar baki.

Idan an duba an ga farashin yunit bai canja ba, sai a koma kan yawan yunit. A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: sau da yawa, a gidan da ke da mita mai lafiya, wutar an sha ta ne. Yunit ɗaya shi ne wutar da kaya mai ƙarfin wat 1,000 yake ja a cikin awa guda, kuma kusan kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa a jikinsa, a baya ko a ƙasa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ne mai cin wuta, abin da ke haskakawa ko yin sauti kuwa cinsa kaɗan ne. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500, idan tana aiki awa ɗaya kullum, ta sha yunit 45 a wata, wato kusan naira 10,000 a farashin rukunin A. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,200. Idan ta kwana tana aiki awa 8 ba tsayawa, ta kusa shan yunit 10 a dare guda, a wata kuma kuɗinta kaɗai yana iya haura naira 60,000. Fankar sama tana jan wat 70 ko kusa da haka, abin da ake rainawa, amma fanka huɗu masu juyawa awa 12 a rana sun kai yunit 100 a wata. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yana shan yunit ɗaya a awa 10, alhali ƙwan zamani mai wat 9 ba ya shan ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Shi ya sa uban da ke bin yara da faɗa a kan cajin waya da talabijin, ya bar hita da dutsen guga da injin jawo ruwa suna aiki yadda suka ga dama, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Yanayin Zariya ma yana da hannu a cikin lissafin. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke hana barci, fanka ba ta hutawa, firji da firiza suna ƙara aiki domin riƙe sanyi, rijiyoyi suna ja da baya injin ruwa yana daɗewa kafin ya cika tanki, kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa kusa da wannan lokaci, gidaje da yawa suna daskarar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya na sha ko na sayarwa. A Disamba da Janairu kuma hunturu ne ke sa kowa a gida sai ya yi wanka da ruwan zafi, hita tana ci tun asuba. Ga kuma canjin da tsadar rayuwa ta kawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 janareta ya zama abin lallaɓawa, sai mutane suka tattara guga da niƙa da jan ruwa suka mayar lokacin da akwai wutar kamfani. Da iskar gas ta yi tsada kuma, gidaje da ɗakunan ɗalibai da yawa a Samaru da Kongo da Gyallesu suka koma girki da murhun lantarki, wanda wake ɗaya da za a dafa a kansa yana iya cin yunit biyu ko uku. Masu inbata su ma sukan manta cewa batir ɗin da ke ba su haske idan an ɗauke wuta, daga mita yake cika cikinsa, kuma yakan ja fiye da abin da zai mayar. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane: idan wuta ta gyaru a unguwa, daga awa 8 ta koma awa 18, dole kati ya riƙa ƙarewa da wuri ko da farashi bai motsa ba, domin kayan gidan sun sami ƙarin awannin aiki.

Duk da haka mita ma tana lalacewa, wayarin gida ma yana zubar da wuta, kuma akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ya taɓa abin da zai cutar da shi ba. Lokacin da akwai wuta, a kashe komai, a zare kowane soket, har firji, sannan a tsaya gaban mita. A jikinta akwai ƙaramar fitila, yawanci ja, da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ke wucewa. Idan an kashe komai amma tana ci gaba da ƙiftawa, to wuta tana fita ta wata kafa: ko tsohuwar waya ce ta ɓare a cikin bango tana zubarwa ƙasa, abin da ya fi yawa da damina, ko an yi kuskure wajen haɗa makunnin da ke sauya gida tsakanin janareta da wutar kamfani, ko kuma wani shago ko maƙwabci yana rataye a layin gidan tun zamanin wani ɗan haya da ya tashi. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma kuɗin gyaran na mai gida ne, domin duk abin da ke bayan mita haƙƙinsa ne. Idan kuwa fitilar ta tsaya, sai a rubuta yunit ɗin da ya rage, a kunna hita mai wat 1,000 ita kaɗai na rabin awa, a sake dubawa. Ya kamata a ga ragin kusan rabin yunit. In aka ga ragin yunit ɗaya ko fiye, to akwai dalilin rubuta wa kamfani a nemi ya gwada mitar. Kada mai gida ya buɗe ta ko ya bari wani ya taɓa hatiminta, domin daga ranar da hatimi ya karye shi ne zai zama abin zargi.

Wannan duka maganar masu mita ce. Inda zalunci ya fi yawa, kuma inda ya fi cancanta a tsaya, shi ne gidajen da ba su da mita, waɗanda ake yi wa kintace. Kusan rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta a Najeriya ba su da mita, kuma wannan matsala ta girmi kamfanonin da ake da su yanzu. An gaje ta tun daga NEPA, ta bi ta PHCN, ta tsallake sayar da kamfanonin rarrabawa da aka yi daga 2013. Yadda kintace ke tafiya shi ne, kamfani ya san yawan wutar da ya tura wa layi, ya san abin da masu mita suka sha, ragowar kuma sai a raba wa marasa mita. A cikin wannan ragowa akwai wutar da ta ɓace a tsofaffin wayoyi, akwai ta masu sata, akwai ta mai walda da mai injin niƙa da ba a yi wa rajista daidai ba. Ta haka tsohuwa mai ƙwai uku da fanka ɗaya a cikin birni take wayar gari da takardar da ta fi ƙarfin abin da ɗakinta zai iya sha ko da wutar ba ta taɓa ɗaukewa ba.

Saboda wannan ne a watan Fabrairun 2020 NERC ta fitar da umarnin da ya sa wa kintace iyaka. A ƙarƙashinsa, kowane layi yana da adadin yunit ɗin da ba a yarda kamfani ya wuce shi ba wajen yi wa marar mita lissafi, ana fitar da adadin ne daga abin da masu mita a layin suke sha, kuma hukumar tana wallafa shi a shafinta na intanet, kamfani-kamfani, layi-layi. Sunan layin gida yana rubuce a jikin takardar wuta. Duk wanda ya ga yunit ɗin da aka rubuta masa ya wuce iyakar layinsa ta wannan wata, to hujjarsa ta kammala, ba ya buƙatar roƙo. Kuma wannan ba doka ce ta takarda kawai ba: a Fabrairun 2024 hukumar ta sanar da cire naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya na ƙasar saboda sun wuce iyakar kintace a watanni tara na farkon 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa waɗanda aka cuta rarar a cikin asusunsu. Abin takaici shi ne yawancin waɗanda aka yi dokar dominsu ba su taɓa jin labarinta ba, kuma a ganina wannan rashin sani ya fi kowane abu ba kintace tsawon rai.

Akwai kuma tambayar watan da ba a sami wuta ba. A Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mai mita bai yi asarar ko kwabo ba a wannan lokaci, domin yunit ɗinsa yana nan yana jiransa. Marar mita kuwa sai ya sa ido, domin kintacen watan da wuta ta yi ƙaranci bai kamata ya yi daidai da na watan da ta wadata ba. Haka idan taransifoma ta ƙone unguwa ta yi makonni a duhu: a rubuta wa kamfani tun ranar farko, a ajiye kwafi, domin takardar ita ce shaidar da za a nuna idan lissafin watan ya zo kamar ba abin da ya faru. A nan ya dace a tuna cewa, bisa ƙa'idar hukumar, sayen taransifoma da turaku da wayoyi da gyaransu nauyin kamfani ne, ko da yake kowa ya san yadda unguwanni ke yin karo-karo saboda gajiya da jira.

Ɓangare na ƙarshe, bashin baya, shi ne ya fi zuwa wa mutane ba zato. Wani ya tare a sabon gidan haya a Sabon Gari ko Hanwa, takardar farko ta zo da dubban ɗaruruwan da wanda ya tashi ya bari. Wani kuma an sa masa mita ya yi murna, sai ya ga duk katin da ya saya ana zaftare wani kaso, ashe tsohon bashin kintace ne aka ɗora a kan mitar ana cira a hankali. Matsayin hukumar a kan na farko a fili yake: bashin wuta na wanda ya sha ne, ba a tilasta wa sabon ɗan haya biyan na wani. Amma sai sabon shiga ya sanar da kamfani a rubuce, ya haɗa da takardar yarjejeniyar haya mai nuna ranar da ya tare. Wanda zai kama haya ya nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe kafin ya biya kuɗin gida, kamar yadda yake leƙa rijiya da banɗaki. Game da na biyu kuma, mai gida yana da damar neman a zauna a tantance bashin wata-wata, domin idan an gina shi a kan kintacen da ya wuce iyaka, akwai abin da ya kamata a zubar daga ciki kafin a fara cira.

Hanyar ƙorafi hawa uku ce, kuma ba a tsallake hawa. Na farko shi ne sashen karɓar koke na kamfanin da kansa, wato Kaduna Electric ga mutanen Zariya, kamfanin da ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. A rubuta takarda gajera mai ɗauke da lambar asusu ko ta mita, da adireshi, da watan da ake jayayya a kai, da dalili a cikin lambobi: an rubuta mini yunit kaza, iyakar layina kaza ce. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi gida. Kamfani yana da kwanakin aiki 15 ya warware. Idan bai yi ba, ko abin da ya yanke bai gamsar ba, sai a kai ofishin sauraron koke na NERC da ke Kaduna, inda ake zaunar da ɓangarorin biyu, kuma ba a biyan kuɗi. Wanda bai gamsu da hukuncin wannan zama ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hedikwatar hukumar a Abuja. Faɗa wa ma'aikacin da ke raba takarda a bakin ƙofa, ko wanda ya zo da tsani, ba ƙorafi ba ne a idon doka, kuma kuɗin da aka damƙa masa a hannu domin ya sauko daga turke ba ya rage ko naira ɗaya daga bashin.

Muhimmin abu a lokacin jayayya shi ne kada a daina biya ɗungurungum. Ƙa'idar hukumar ta ba marar mita da ke ƙalubalantar kintace damar ƙin biyan takardar da yake jayayya a kanta, amma ya ci gaba da biyan daidai da takarda ta ƙarshe da bai yi jayayya da ita ba, har a gama shari'ar. Wanda ya saba biyan dubu takwas aka kawo masa dubu talatin, sai ya biya takwas ɗin ta banki ko wata hanyar da ke ba da rasidi, ya haɗa rasidin da kwafin kokensa ya ajiye kusa. Idan masu yanka suka zo, waɗannan takardu biyu ne za su yi masa magana, kuma haƙƙinsa ne a ba shi gargaɗi a rubuce kafin a yanke masa wuta.

Maganin kintace na dindindin dai mita ce. Gwamnati ta raba wasu kyauta a ƙarƙashin shirin da ta ƙaddamar a 2020, amma ba su kai ko'ina ba. Wata hanyar ita ce ta tsarin da aka kafa a 2018, inda mai gida ke biyan kuɗin mita ta hannun kamfanonin da aka amince wa, a kuma mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. Farashin mitar gida mai layi ɗaya ya haura naira 100,000, kuɗi ne mai nauyi a wannan zamani, amma gidan da ake yi wa kintacen da ya ɗara shansa da dubu goma a wata zai fanshe shi a cikin shekara guda ko kusa da haka. A biya ta asusun da kamfani ya bayar a hukumance kawai, kada a ba wani ɗan tsakiya da ya ce zai kawo ta gobe, domin mitar da ba ta da rajista a kan asusun gidan wata sabuwar fitina ce.

Gidan haya mai mita ɗaya yana da nasa rikicin, wanda ba kamfani ne ya haddasa shi ba. Kati ya ƙare ranar goma ga wata, a taru a tsakar gida, mai ɗakin ƙofa ya ce, "Baba Alhaji, ni fa fanka ɗaya gare ni da ƙwai biyu, yaya za a ce mu biya daidai da mai firiza?" Mai firiza kuma ta ce, "Haba Malam, ai kowa ya san wanda ke sa hita da asuba." Kowannensu yana da gaskiya, kuma rabon kuɗi daidai-wa-daida a kan ɗakuna shi ne ke cutar da mai ƙaramin sha, irin cutarwar da kintace ke yi. Akwai ƙananan mitoci da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, waɗanda mai gyara zai ɗaura wa kowane ɗaki a bayan babbar mita. Ba sa hulɗa da kamfani, aikinsu kawai su nuna abin da kowane ɗaki ya sha, a raba kuɗin kati a kan haka. Mai gidan da ya sa su ya sayi zaman lafiyar gidansa da araha. Inda hakan bai samu ba, a ƙirga kayan kowane ɗaki da ƙarfinsu a yi rabo a kai, a kuma rubuta yarjejeniyar.

Dole a taɓo shawarar da ake raɗa wa mutum idan kuɗi ya yi masa yawa, wato a zagaye mita a ɗauke hita da na'urar sanyi daga kanta. Tun Janairun 2025 tarar wanda aka kama a karon farko da mita mai layi ɗaya naira 100,000 ce, ban da biyan wutar da aka ƙiyasta ya sata, kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadi ɗauri. Haɗin da ake yi a ɓoye cikin gaggawa yana cikin abubuwan da ke jawo gobara. Sannan wutar da aka sata ba ta ɓacewa daga lissafi. Tana komawa cikin ragowar da ake raba wa marasa mita, wato maƙwabcin da ya fi kowa rauni shi ne zai biya.

Idan an bi duk wannan aka tarar lissafin gaskiya ne, farashi ne ya hau ko kuma gidan ne ya sha, to sai a je ofis tun kafin ranar yanka a nemi a raba bashin kashi-kashi, a karɓi yarjejeniyar a rubuce, domin kuɗin sake haɗawa ƙari ne a kan bashi. Daga nan sai a fuskanci manyan masu ci guda uku ko huɗu na gidan, a ƙyale ƙananan. A tara guga a yi ta sau ɗaya ko biyu a mako. A sa wa tanki abin da ke kashe injin ruwa idan ya cika, maimakon a bar shi yana ambaliya. A duba robar ƙofar firiza, domin idan ta saki injin ba ya hutawa, a kuma janye ta daga jikin bango da inda rana ke bugawa. Na'urar sanyaya ɗaki a sa ta a digiri 25 ko 26 tare da fanka, a rufe tagogi, maimakon 16 da ke hana ta tsayawa har gari ya waye. Ruwan wanka da hunturu a dafa shi a haɗe sau ɗaya, kada kowa ya sa tasa hitar. Sannan a ɗauki al'adar duba mita a rana ɗaya ta kowane mako a rubuta abin da ya rage, domin gidan da ya san yana shan yunit 30 a mako zai gane tun a makon farko idan ya koma 50, ya nemi dalili kafin wata ya ƙare.